Ƙwai Ɗaya, Yaro Ɗaya: Zoben Suya da Batun Karin Kumallo a Madarunfa

Da an sallame sallar asuba a Madarunfa, wutar da ake fara hangowa a bakin titi ta mai shayi ce. Ruwa na tafasa a kan gawayi, an jera gwangwanayen madara da na kofi a kan tebur, dogon burodi na tsaye a cikin kwali, kiret ɗin ƙwai kuma na gefen kasko. 'Yan kabu-kabu, direbobin da za su nufi Maraɗi ko Ɗan Isa, masunta da malaman makaranta, kowa ya nemi wuri a benci.

"A fasa mini biyu, a sa albasa." Mai shayi ya fasa a kofi, ya yanka albasa da tumatir, ya marmasa magi, ya kaɗa, ya kwarara mai a kasko. Kafin minti uku wainar ƙwai ta shige cikin burodi, an naɗe ta a takarda.

Amma duk wanda ya dubi bencin da kyau zai ga kusan dukkan mazauna kansa maza ne manya. A cikin gidaje, inda mata da yara suke, abin karyawa koko ne ko kunu, ɗumamen tuwo, ƙosai ko masa idan da hali. Ƙwai ba kasafai yake shiga ba, ko da kuwa kaji da zabi na yawo a tsakar gidan.

A 'yan shekarun nan wani abu ya fara jan hankalin matan da ke kallon bidiyon girke-girke a waya. Masu koyar da girki daga Kano, Abuja da Yamai, da na ƙasashen waje, suna nuna wani ɗan zoben ƙarfe da ake ajiyewa a kasko, a fasa ƙwai a ciki, ya fito a dunƙule kamar an auna shi, a sa a burodi a ba yaro ya tafi makaranta. Ko wannan kayan gayu ne na 'yan birni, ko kuwa yana da abin da zai tsinana wa gida irin na Madarunfa?

Daga maƙera ya fito

Zoben ba wani abin mamaki ba ne. Siririn ƙarfe ne da aka lanƙwasa ya zama da'ira, faɗinsa kimanin santimita 8 zuwa 9, tsayinsa bai wuce santimita 2 ba, sau da yawa da ɗan mariƙi a gefe. Ba shi da gindi; kaskon ne gindinsa. Aikinsa ɗaya ne, wato ya hana ƙwai malala.

Wanda ya fito da shi idon duniya wani ɗan kasuwa ne mai suna Herb Peterson, mai gidajen abinci na McDonald's a Santa Barbara, jihar Kaliforniya ta Amurka. A farkon shekarun 1970 ya so ya sayar da abin karyawa wanda mutum zai riƙe a hannu ya ci yana tafiya. Matsalarsa ita ce soyayyen ƙwai ba ya tsayawa daidai da ɗan kewayayyen burodin da yake amfani da shi. Sai ya sa wani maƙeri ya ƙera masa zobba, aka shafe su da sinadarin Teflon mai hana kamu.

Abincin da ya fito daga nan shi ne Egg McMuffin, wanda zuwa 1975 ya bazu a duk faɗin Amurka. Haɗin nasu na asali yana da naman alade, don haka ba namu ba ne. Dabarar zoben ce ta fita daga gidan abinci ta shiga ɗakunan girki na duniya, inda iyaye ke haɗa nasu da abin da suke so.

Tanda ta riga shi zuwa

Ga Bahaushiya, tunanin ba baƙo ba ne. Tandar masa, ta ƙasa ko ta ƙarfe, da gurabenta kewayayyu, aikin da take yi ke nan tun kaka da kakanni: ta tsare ƙullu a wuri ɗaya, ta ba kowace masa girma iri ɗaya, ta rage ɓarnar mai. Mai masa ta san yawan da ƙwaryar ƙullunta za ta fitar tun kafin ta hura wuta.

A nan ne amfanin zoben yake, ba a kyan gani kaɗai ba. Idan aka kaɗa ƙwai uku a faffaɗan kasko don mutum shida, rabon yakan bi girma: maigida da manyan yara su sami tsoka, ƙaramin ya tashi da ɓarɓashi. Idan kuwa kowane ƙwai ya fito da siffarsa, rabo ya fito fili. Wannan na Auta ne, babu mai gutsura.

Macen da ba ta da zobe ma tana iya fasa ƙwai kai tsaye a gurbin tanda, ta rage wuta, ta rufe da murfi. Sakamakon kusan ɗaya ne.

Yadda ake aiki da shi

Masu fara gwadawa sukan koka da abu biyu: ƙwai ya zurare ta ƙarƙashi, ko ya manne a jikin zoben. Dukkansu suna da magani.

Na farko, kaskon ya kasance mai shimfiɗaɗɗen gindi. Kaskon suyar ƙosai mai zurfi ba zai yi ba, domin zoben ba zai zauna daram ba. Na biyu, a shafa mai a cikin zoben, sama da ƙasa, a ɗora shi a kasko su yi zafi tare. Zafin ne ke kama farin ƙwai nan take ya toshe kafar da zai bi ya fita.

A fasa ƙwan a ƙaramin kofi tukuna, don a tabbatar bai lalace ba. A zuba kaɗan, a jira 'yan daƙiƙu ya kama, sannan a juye sauran. A huda gwaiduwar da bakin cokali, a barbaɗa gishiri da ɗan yaji. Sai a zuba ruwa cokali ɗaya ko biyu a wajen zoben, a rufe. Tururi ne zai dafa saman ba tare da gindin ya ƙone ba. Minti uku zuwa huɗu sun isa a wuta marar ƙarfi.

Wutar ita ce babban abin lura ga mai girki da itace ko gawayi. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun zafi bai kai digiri 65 ba, gwaiduwa kuma a wajen digiri 70. Ba ya buƙatar harshen wuta. Garwashin da ya rage bayan an sauke koko ya wadatar.

A ƙarshe a zagaya da wuƙa ta ciki, a ɗaga zoben da tsumma, domin yana ƙona hannu. Wanda yake son albasa, tattasai ko ganyen zogale sai ya kaɗa su tare da ƙwan kafin ya zuba, kada dai ya cika zoben har baki, saboda yana tasowa.

Ina ƙwan yake?

Zobe ba ya yin ƙwai. Inda ƙwan zai fito ita ce tambayar da ta fi nauyi a Madarunfa, gundumar Nijar da ke kudu da birnin Maraɗi, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, tana iyaka da jihar Katsina.

Ƙwai iri uku ne ke yawo a kasuwannin yankin. Akwai na kajin gida, ƙanana, waɗanda galibi ake bar wa kaza ta kwanta a kai. Akwai na zabi, mai taurin ɓawo da daɗin gwaiduwa, wanda ke cika kasuwa da damina, ya yi araha, sannan ya ɓace idan rani ya shigo. Sai kuma na kajin gona, manya, masu zuwa a kiret mai cin talatin, daga gonakin kaji na kewayen Maraɗi da kuma Najeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Da wannan na ukun masu shayi suka fi dogara, domin shi ake samu duk shekara.

Dogaro da iyaka yana da tsadarsa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, har zuwa Maris na 2024. Kowane karo, kayan masarufin da ke ƙetarowa sun yi wuya sun yi tsada. Farashin masara da waken suya, waɗanda su ne abincin kajin gona, shi ma yana bin ƙwai har cikin kasko. A yau ƙwan gona ɗaya yakan kai dala ashirin a kuɗin Nijar ko fiye, kuɗin da zai sayi ƙosai mai ɗan auki.

Ga kuma cuta. A Fabrairun 2006 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, cikin wannan watan kuma aka tabbatar da ita a Magarya ta jihar Damagaram, kafin daga baya ta taɓa yankin Maraɗi. Amma mai kashe kajin ƙauye kowace shekara ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ke tsananta da sanyin hunturu, ta share akurki cikin 'yan kwanaki. Tana da rigakafi mai sauƙin kuɗi, sai dai bai kai ga kowane gida ba.

Yaran da ƙwai ke tsallakewa

Madarunfa ƙasar albarka ce. Tana da tafki mai kifi, da fadamar Gulbin Maraɗi, da gonakin noman rani na Jiratawa inda zogale da kayan lambu ke fita zuwa kasuwanni masu nisa. Duk da haka sunanta ya daɗe cikin rahotannin tamowa. Tun kafin matsalar abinci ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin jinyar yara masu tamowa a jihar Maraɗi, kuma Madarunfa na cikin wuraren da ta fi daɗewa. Binciken abinci mai gina jiki na ƙasa yakan nuna sama da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, adadin Maraɗi kuma yakan haura rabi.

Ba yunwar ciki kaɗai ke jawo haka ba. Yaro na iya ƙoshi da fura da tuwo, amma jikinsa ya rasa abin ginawa. Ƙwan gona ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na furotin mai inganci, da bitamin A, D da B12, da wani sinadari mai suna kolin da ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a riƙa ba yaro nama, kifi ko ƙwai kullum daga wata shida, tare da ci gaba da shayarwa.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Ekwado, aka wallafa a 2017, ya ba jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum na tsawon wata shida, aka ga tsumburewa ta ragu da kusan rabi. Da aka maimaita irinsa a Malawi ba a ga wannan bambancin a tsawon yaran ba. Darasin shi ne ƙwai yana taimakawa ƙwarai inda abincin yara ya rasa kayan dabba, amma ba ya maye gurbin tsabtataccen ruwa, rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro.

To me ya sa ƙwan gida ba ya shiga bakin yaran gida? Dalili na farko kuɗi ne. Kaza asusun mace ce. Ƙwan da aka ci yau, kazar gobe ce da za a sayar a sayi magani ko sabulu. Na biyu camfi ne da har yanzu bai mutu ba a wasu gidaje, cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da kwaɗayi har ya kai ga sata, ko mai ciki ta guje shi. Babu wata hujjar likitanci da ta goyi bayan wannan. Hausawa da kansu sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma a shekaru biyun farko na rayuwar yaro maganar gaskiya ce tsagwaronta, domin tsumburewar da ta kama shi a lokacin da wuya ta sake shi.

Burodi dogo, ƙwai kewayayye

Akwai wata matsala ta zahiri. An ƙera zoben ne don kewayayyen burodi, alhali burodin Nijar dogo ne, gadon zaman Faransawa. Ƙwai mai siffar da'ira ba ya cika shi. Sai an raba shi biyu an jera. Burodin yanka irin na Najeriya ya fi karɓarsa, haka ma gurasa irin ta Kano.

Burodin kansa ba mai arha ba ne. Kusan duk fulawar da ake toya shi da ita daga waje take zuwa, shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya taɓa aljihun mai sayen burodi a Maraɗi. Gidan da ke da yara bakwai ba zai iya burodi kullum ba.

Amma ba dole sai da alkama ba. Masa biyu da ƙwai a tsakani cikakken abin karyawa ne, na geronmu ko shinkafarmu. Ana iya ɗora shi a kan ɗan wake, a haɗa shi da dambun zogale, ko a marmasa shi cikin kunu mai kauri ga yaron da bai iya tauna ba.

Hattara da irin ƙarfen

Wanda ya san garuruwanmu ya san abin da zai biyo baya: ba za a jira na kanti ba, za a yanke gindin gwangwani a yi amfani da shi. A nan ake buƙatar taka-tsantsan.

Yawancin gwangwanayen abinci an shafe cikinsu da siririn rufi irin na roba, wanda ba a yi shi don zama a kan wuta ba. Bakin da aka yanke yana da kaifi, yana kuma saurin tsatsa. Gwangwanin fenti, na man inji ko na maganin ƙwari kuwa bai kamata ya kusanci abinci ba ko an wanke shi sau nawa. Haka kwanon rufi, da duk ƙarfen da aka like da dalma. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ya isa ya nuna yadda take illata ƙananan yara.

Mafi aminci shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda ake yin cokula da shi, ko baƙin ƙarfe tsantsa da za a riƙa wankewa, a busar, a shafe da mai. Zoben kanti mai rufin hana kamu yana lalacewa idan aka bar shi a wuta mai tsanani, da zarar ya fara ɓarewa kuma a jefar da shi. Wadda ba ta da ko ɗaya tana iya yanka babbar albasa ko tattasai a kewaye, ta fasa ƙwan a ciki, a cinye har da zoben.

Nan kuma akwai kasuwa ga maƙeranmu. Hannun da ke ƙera tanda, murhun gawayi da mazurari ba zai gagara lanƙwasa zobe ba. Maƙerin Maraɗi ma yana da damar da masana'antar waje ba ta da ita, domin yana iya yin mai tsawo daidai da burodin da ake ci a nan, ya naɗe bakinsa kada ya yanki hannu.

Tsabtar ƙwan ita ma wajibi ce. A zafin bazara ƙwai ba ya jimawa. Gwajin da masu sayen ƙwan zabi suka sani yana aiki: wanda ya nutse a ruwa sabo ne, wanda ya taso ya tsufa. A guji mai fasasshen ɓawo, a wanke hannu bayan an fasa, a dafa har gwaiduwa ta daskare, musamman ga yara, masu ciki da tsofaffi, saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi.

Kowa da inda yake kallo

Ga mai shayi, zoben ba lallai ya zama abin maraba ba. Cinikinsa na sauri ne, kuma mai saye yana son ya ga waina ta baje ta cika burodi, ta sha mai da albasa. Ƙwai biyu a dunƙule sai su yi kama da kaɗan. Duk da haka, mai teburin da ke kusa da makaranta zai iya jera zobba huɗu a kasko ɗaya, ya sayar da ƙwai ɗaiɗai a guntun burodi ga wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba, ya kuma rage man da yake ƙonawa.

Ga uwa mai aiki, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, ribar lokaci ce. Ƙwai na dahuwa a rufe yayin da take shirya yara, kuma ta san man da aka yi amfani da shi da hannun da ya taɓa abincin.

Dattawa da dama suna ganin duk wannan kwaikwayon baƙi ne, koko da ƙosai sun raini al'umma ba a ga aibunsu ba. Suna da gaskiya a wani ɓangare: ƙosai wake ne, wake kuma abinci ne mai gina jiki. Ba a neman ƙwai ya kori ƙosai. Ana neman ya shigo kusa da shi.

Masu aikin kiwon lafiya kuwa siffar ƙwan ba ta dame su ba. Dafaffe a ruwa ma ya wadatar, ya fi sauƙi, ba ya cin mai. Abin da suke nema shi ne ya isa bakin yaro. Idan siffa mai ban sha'awa ce za ta sa yaro mai ƙin abinci ya karɓa, ko ta sa uwa ta mayar da abin al'adar kowace safiya, to ta biya kuɗinta.

Abin da ya rage a yi

Gyaran ba daga kanti zai fara ba, daga akurki ne. Rigakafin kaji kafin hunturu, ɗan ɗaki mai tsare tsaki daga shirwa da sanyi, da ƙarin dusa da ruwa mai tsabta, su ne za su sa a sami rarar ƙwan da mace za ta iya fasawa ba tare da ta ji ta taɓa jarinta ba. Wannan aikin ma'aikatan kiwo ne da ƙungiyoyin mata, kuma ya cancanci kuɗin ƙananan hukumomi.

Sai limamai, ungozomomi da gidajen rediyon gari su fito fili su faɗa cewa ƙwai ba ya mayar da yaro ɓarawo. Maƙera su sami wanda zai nuna musu ƙarfen da ya dace da abinci da wanda bai dace ba.

Kaso mafi girma kuwa na magidanta ne. Namijin da ke iya cin ƙwai biyu a waje kowace safiya yana iya sayen biyun nan ɗanye ya kai gida, ko da sau uku ne a mako, ya ce a fara da mai ciki da ƙaramin yaro. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ya yi araha, kuma lokacin da tamowa da zazzaɓi suka fi kama yara, babu gidan da ke kiwon zabi da ya kamata ya kai duka kasuwa. A ware na yara tukuna, sannan a sayar da saura.